Tsintsiya a Kan Shacin Gida

An ce wai a wani zamani da ya shuɗe, a garin Rafin Kuka, an yi wani alƙali ana ce masa Malam Haladu. Mutum ne mai jinkirin magana, har masu gaggawa sukan ce shari'arsa ta fi dahuwar ganda daɗewa. Amma ba a taɓa jin wanda ya yanke wa hukunci ya koma gida yana tsine masa ba. Ga ɗaya daga cikin shari'o'insa, wadda ni dai ban taɓa ba da labarinta ba ban ji ƙirjina ya yi nauyi ba.

A garin akwai wata tsohuwa, Inna Tabawa, wadda ta haifi 'ya'ya da yawa, biyu kaɗai suka rayu. Babban shi ne Anaruwa, ɗan farinta. Ƙaramin shi ne Sallau, autanta. Na tsakiya duk ta binne su tun suna ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, galibi da damina.

To, kun san halin matan da. Mace ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa, ba ta haɗa ido da shi. Tabawa ta riƙe wannan kunya fiye da yadda kowace mace a unguwar ta riƙe ta. Da aka yaye Anaruwa sai aka kai shi wurin kakarsa ta wajen uwa a Tungar Bagaruwa, ƙetaren gulbi, can ya girma. In ya zo gaishe ta, sai ta amsa tana kallon bango. In dole ta sa ta ambace shi, sai ta ce "wancan." Sallau kuwa ta kira shi da sunansa, ta zage shi, ta yi masa dariya, ta ɓoye masa ƙanzo a ƙarƙashin faifai.

Anaruwa ya san al'ada ce, kowa ya faɗa masa al'ada ce. Sai dai zuciyarsa ba ta taɓa yarda ba. Ya girma ya shiga fatauci, har ya zama madugu mai ayarin kansa. Duk dawowar da zai yi sai ya zo mata da zane da goro da turare, ya ajiye a bakin ƙofa ya durƙusa. Ita kuwa sai ta juya ta ce wa Sallau, "Ka ce an gode." Haka ya yi furfura yana jiran wata kalma bayan wannan, bai samu ba.

Mahaifinsu ya rasu, Anaruwa yana kan hanya. Damina mai zuwa aka yi marka irin wadda ba a manta ta, sama ta kwana ta wuni tana zuba, har tsohon gidansu ya jiƙe ya zube ɗaki bayan ɗaki. Allah ya tsare rai, amma ba a fitar da komai ba sai tufafin jiki da tukwane. Inna da Sallau da iyalinsa suka raɓe a kangon maƙwabci, katanga ɗaya tsakaninsu da filin. Da kaka Anaruwa ya dawo, ya tarar ba uba, ba gida, sai tudun ƙasa da azara a warwatse.

Ya tsaya a kan tudun ya daɗe. Sannan ya ce zai gina gida wanda zai ɗauke su duka, shi da iyalinsa, Sallau da nasa, da Inna a tsakiya. Ya sa aka baje tudun har ba a gane inda kowane ɗaki yake a da. Ya kira wani magini, Cindo, suka zauna a inuwa yana lissafa masa aibin tsohon gida.

Aibin kuwa gaskiya ne, a faɗi gaskiya. Ƙofar zaure ta yi saiti da tsakar gida, mai wucewa a waje yana hangen mata suna daka. Madafi yana gabas, iska tana kwaso hayaƙi ta cusa shi cikin ɗakuna. Mafi muni, masai yana kusa da rijiya, da damina ruwan yakan canza ɗanɗano. Anaruwa ya ga garuruwa, ya ji bakin masana, ya kuma tabbata a ransa cewa ruwan nan ne ya cinye ƙannensa.

Ya ce, "Cindo, ko me za ka yi, ka raba masai da rijiya iyakar nisan da filin nan zai ba ka. Ba zan sake binne yaro saboda ruwan gidanmu ba."

Rijiya tana ɓangaren gabas. Cindo ya ja igiya, ya kafa turaku, ya bi layin da toka, har fasalin gidan ya fito fari a kan ƙasa. Ya karkatar da ƙofar zaure, ya sa shigifa, wato zaure na biyu, a bayanta. Ya mayar da madafi inda iska za ta fitar da hayaƙi waje. A kusurwar kudu maso yamma ya shata babban ɗakin kaya, inda madugu zai riƙa sauke hajarsa. A kusurwar arewa maso yamma, inda filin ya fi gangara, kusa da sashen Sallau, ya shata masai. Ɗakin Inna kuwa Anaruwa da kansa ya nuna wurinsa, ƙofa da ƙofa da turakarsa. Bai faɗa wa kowa dalili ba, amma dalilin ba ɓoyayye ba ne. So yake in ya buɗe ƙofa da safe ya fara ganinta.

Da aka gama shaci, Sallau ya riƙo hannun tsohuwa ya zaga da ita. Ana nuna mata tana gyaɗa kai. Ga zaure, ga madafi, ga ɗakinki, Inna. Haka suka bi har suka kai kusurwar arewa maso yamma. Nan ta tsaya, ta nuna da sandarta.

Ta ce, "Nan fa?"

Cindo ya ce, "Masai ne, Inna."

Ta daɗe tana kallon tokar. Sannan ta ce wa Sallau, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Ni ba zan shiga gidan nan ba. A mayar da ni Tungar Bagaruwa, in mutu a can."

Aka yi juyin duniya ta faɗi abin da ya ɓata mata rai, ta ƙi. Anaruwa ya ɗauka ɗakin ne ya yi mata kaɗan, ya sa aka faɗaɗa shi. Ya ƙara mata rumfa. Ya ƙara mata wurin kiwon kaji. Duk gyaran da aka yi aka gaya mata, sai ta ce, "Duk yadda aka yi daidai ne," amma ƙullin kayanta yana nan a ɗaure, kuma ta rage cin abinci.

Sannan wani abu ya fara faruwa. Kullum gari ya waye Cindo ya zo, sai ya tarar an share tokar masai, an cire turakun. Ya sake shatawa, washegari a sake sharewa. Cindo ya ce shi ba zai sa gatari a harsashin da ake gogewa ba, sai an san mai yi. Ga rani yana tafiya, ga tubali a jibge. In damina ta riske su ba rufi, tubalin zai koma laka, iyali kuma su sake shekara a kangon mutane.

Anaruwa ya dubi abin, zuciyarsa ta nuna masa Sallau. Wa masai ya matsa wa in ba shi ba? Wa ke da kunnen Inna in ba shi ba? Ya tare shi ya tambaye shi, Sallau ya ce, "Yaya, ba ni ba ne." Ya ce to wa ne? Sallau ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Wannan shirun ya ƙarasa abin da ya rage a tsakaninsu. Anaruwa ya kai ƙara gaban Alƙali Haladu.

Ranar zama, alƙali ya ce mai ƙara ya faɗi bukatarsa. Anaruwa bai ɗaga murya ba, amma duk wanda ke wurin ya ji ɗacin da ke cikinta.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na zo neman rabo. A ja katanga a tsakiyar filin ubanmu, kowa ya fasa ƙofarsa. Na so in tara mu a inuwa ɗaya, na ga ba a so. Ƙanena yana rushe mini aiki, mahaifiyata ta gwammace mutuwa a ƙauye da zama a ɗakin da na shata mata. Ban ga laifinsu ba. Ni baƙo ne a gidan nan tun asali. A ƙetaren gulbi na tashi, ko cibiyata ba a nan aka binne ta ba. Su zauna a rabinsu, ita da ɗan da take iya kiran sunansa. Ni zan gina nawa rabin, in na mutu a fitar da ni ta ƙofata."

Alƙali ya juya ga Sallau ya ce, "Kai ne kake share shacin?"

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba ni ba ne."

"Ka san mai sharewa?"

Sallau ya kawar da kai.

"Za ka rantse ba ka sani ba?"

Ya ce, "Ba zan rantse ba. In rabon ne, a raba. In tara ce, a ɗora mini."

Mutanen da ke zaune suka fara kallon juna, don a ganinsu magana ta ƙare. Wanda ya ƙi rantsuwa ai ya kama kansa. Shi kuwa alƙali ya ga inda tarkon yake. In ya yi hukunci da zahiri, zai raba gida, tsohuwa ta mutu a ƙauye ko a bayan katanga, 'yan'uwa kuma su gama da juna har abada. In ya matsa wa Sallau, zai tilasta shi tona wanda yake rufa wa asiri, kuma mutum ba ya karɓar tara a madadin wanda ba ya ƙauna.

Can alƙali ya ce wa Anaruwa, "Me ya sa ake ce maka Anaruwa?"

Anaruwa ya ji tambayar ba ta da kai, amma ya amsa. "An ce ana ruwa aka haife ni, cikin marka."

"A Tungar Bagaruwa?"

"Can mana. Ai haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta."

"Wa ya faɗa maka can ne?"

Anaruwa ya yi tunani ya ce, "Ba wanda ya faɗa. Kowa ya san haka ake yi."

Alƙali ya ce, "To. A sake shata masai yau da yamma. Kada kowa ya yi gadi, kada kowa ya leƙa. Gobe in rana ta fito zan zo da ƙafata."

Wani daga cikin muhutai, malaman da ke taya alƙali zama, ya ce ai da an sa dogari ya laɓe, da an kama mutum da hannu an huta. Alƙali ya ce wanda aka kama da hannu abin da zai fisshe shi yake faɗa, shi kuwa dalili yake nema.

Washegari da hantsi ya zo, ya hana kowa taka filin, ya shiga shi kaɗai yana tafiya a hankali. Tokar zaure tana nan, ta madafi tana nan, ta ɗakin kaya tana nan. Sawun da ya bi ta cikinsu ƙaramin sawu ne, tare da ɗigon sanda, kuma duk inda ya iso layi sai ya tsallake shi. A kusurwar arewa maso yamma kuwa ba toka ko ƙwaya. Alƙali ya tsuguna ya duba. Sannan ya kira 'yan'uwan biyu da magini.

Ya ce, "Ku dubi nan. Mai ɓarna da ƙafa yake gogewa, ya watsar da turaku inda suka faɗi. Wannan da tsintsiya aka yi, ga layinta a jere. An tara tokar an kai ta can gefe. An jingine turakun a jikin katanga, kai da kai. An kuma yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Ni ban taɓa ganin maƙiyi ya yi wa wuri yayyafi ba. Haka mace take yi wa ƙofar ɗakinta."

Sallau ya rufe fuska da hannun riga. Anaruwa ya dube shi, ya dubi sawun sandan, ya gane. Amma ganewar ba ta sauƙaƙa masa ba, sai ma ta ƙara. Ya ce a hankali, "Ashe ita ce da kanta. Ashe har aikin hannuna ba ta son gani."

Alƙali ya ce, "Kada ka yanke hukunci a gabana, aikina ne."

Ya sa aka kori 'yan kallo. Aka shimfiɗa tabarma kusa da kusurwar, Sallau ya je ya riƙo Inna Tabawa ya zaunar da ita. Alƙali ya umarci Anaruwa ya zauna can gefe ya juya musu baya, inda zai ji amma ba za a haɗa ido ba. Shi kuma ya zauna a ƙasa, ya gaishe ta gaisuwar ɗa da uwa.

Ya fara da abin da ba ya ciwo. Ya tambaye ta inda madafin da yake, ta nuna. Ya tambaye ta inda ta haifi Sallau, ta nuna wajen gabas, har ta ƙara da cewa ranar salla ce, ya hana ta cin tuwon salla. Ya tambayi na tsakiya da suka rasu, ta kira sunayensu ɗaya ɗaya, muryarta ba ta karye ba. Sannan ya nuna wurin da aka share.

Ya ce, "Nan fa, Inna?"

Tsohuwa ta ja mayafi ta yi gum.

Alƙali ya ce, "Inna, na saurare ki. Kin kira rayayye, kin kira matattu, bakinki bai yi nauyi ba. Mutum biyu ne kaɗai mace irinki ba ta ambata, mijinta da ɗan farinta. Mijinki Malam yana maƙabarta, Allah ya jiƙansa, kowa ya san kabarinsa. Saura ɗaya ke nan. Ba zan sa ki kama sunan kowa ba, ba zan karya miki abin da kika riƙe tun kina yarinya ba. Ni zan yi maganar. In na yi kuskure, ki ce a'a. In na faɗi daidai, ki yi shirun da kika saba."

Ba ta ce komai ba.

Ya ce, "A wannan kusurwa ɗakinki na amarci yake."

Shiru.

"An shirya kai ki gida haihuwa, sai marka ta sauka, gulbi ya cika, ba jirgin da zai ƙetare. Naƙuda kuma ba ta jira ba."

Shiru.

"A nan kika haihu, a gidan miji, abin da ake jin nauyin faɗa a wancan zamani. Da ruwa ya janye aka ƙetare da ku, aka bar mutane da zatonsu."

Shiru. Sallau yana kallon uwarsa baki buɗe. Anaruwa kuwa bayansa ya sandare.

Alƙali ya san shiru kaɗai ba zai ishi mai ƙara ba, don zai iya cewa ai dama shirun ta saba yi masa. Saboda haka ya saka wata magana da gangan.

Ya ce, "Sai ungozoma ta zo, ta wanke mabiyiya da cibiya, ta binne su a bayan ɗakin, daidai wurin nan."

Tsohuwa ta ce, "A'a."

Ta ci gaba, amma da ƙasa take magana.

"Ungozoma ba ta zo ba, ruwa ya hana ta. Malam ya tafi nemanta, shi ma ruwa ya tsare shi. Ni kaɗai ce. Da sakaina na haƙa, ina jin kukansa a ɗaki. Na kifa kasko a kai." Ta gyara mayafinta. "Ba za a zuba ƙazanta a kai ba ina raye. In na mutu, ku yi yadda kuka so."

Daga nan ba ta ƙara ko kalma ba. Sallau ne ya yi magana. Ya ce tun yana yaro yake ganinta tana share bayan wannan tsohon ɗaki kowace safiya, har bayan da aka mayar da shi wurin ajiye itace. Ya ce shi ya ɗauka tsabta ce kawai. Da ya ga toka a bakin tsintsiyarta kuwa, ya zaci ruɗewar tsufa ce, shi ya sa ya gwammace a ci shi tara da a ce uwarsa ta taɓu.

Anaruwa bai juyo ba, don an hana shi. Amma kafaɗunsa suna girgiza, babban mutum mai furfura, madugun da 'yan fashi ke jin sunansa su kauce. Wallahi abin tausayi ne, kuma ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri, don ba a san ta inda za a fara ba.

Da ya lafa, alƙali ya yi hukunci.

Ya ce, "Ƙarar rabo na kore ta. Mai ƙara ya kafa ta a kan cewa shi baƙo ne, shaida kuma ta nuna ya riga ƙanensa shiga ƙasar gidan nan. Ba za a tona wurin ba, ba za a taɓa shi ba. Amma Anaruwa yana da gaskiya a kan rijiya, kuma ba zan sayi hawayen tsohuwa da ran jikokinta ba. Cindo, kusurwar kudu maso yamma, nisanta da rijiya ya kai na wannan?"

Cindo ya auna da ido ya ce ya kai, sai dai ɗakin kaya ne a wurin.

Alƙali ya ce, "Madugu, ɗakin kayanka zai ragu da rabi. Ka yarda?"

Anaruwa ya ce, "A ɗauke shi duka."

"Rabi ya isa. Masai ya koma can. Ɗakin Inna kuma ya tashi daga gaban turakarka. Ka sa mata ƙofa da ƙofa don ka riƙa ganinta, ba ka lura ba cewa ka hana ta fitowa ke nan, don kullum ta ɗaga labule kai za ta gani. Ɗakinta ya dawo inda yake tun farko. Wurin gangara ne, to a cike shi da ƙasar tsohon gida har ya ɗaga, a fitar wa ruwa kafa ta katanga. A bar mata ɗan fili a baya, a kewaye, ita kaɗai ke shiga."

Sannan ya tashi ya karɓi sandan awo daga hannun magini, ya tsaya a inda bangon ɗakin zai kasance, ya saita shi zuwa bakin shigifa, inda duk mai shigowa daga zaure zai ɓullo.

Ya ce, "A nan ka bar taga, ƙarama, daidai idon mutumin da ke zaune. Ka yi ta mai zurfi, yadda na ciki zai ga waje, na waje ba zai ga ciki ba."

Cindo ya ce ɗakin zai fi shan iska in an yi tagar ta arewa. Alƙali ya ce ba don iska ba ce.

Aka yi yadda ya ce. Tokar ta kwana ba a taɓa ta ba, aka haƙa harsashi, aka yi rufi kafin ruwan farko. Inna Tabawa ta kwance ƙullinta ta shiga ɗakinta. Kada ku zaci wani abu ya canza a bakinta. Anaruwa yakan zo da safe ya durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango. In ya kawo goro, ta ce wa Sallau ya ce an gode. Shi ma bai taɓa tayar da maganar ranar nan ba, don ya san in ya tayar ya ci amanarta. Ya dai rage tafiye-tafiye, ya bar wa yaransa ayari.

Damina ɗaya ta yi a ɗakin, da rani ɗaya. Damina ta biyu tana kamawa ta kwanta, ba ta tashi ba. Har ta cika ba ta kira sunansa ba, ko da yake yana zaune a bakin ƙofa yana jin numfashinta.

Bayan an share makoki, Anaruwa ya shiga ɗakin, karo na farko tun da aka gina shi. Ba komai a ciki sai gado da tsintsiya a jingine. Sai kuma wata 'yar kujera a ƙarƙashin taga, ya zauna a kai. A gefen tagar ya ga shafen bango ya yi baƙi ya yi santsi, daidai faɗin tafin hannu, irin tabon da hannu ke bari a wurin da yake dafawa kullum. Ya ɗora nasa hannun a kai, ya sa ido a tagar. Ba abin da ake gani ta cikinta, ba rijiya, ba madafi, ba sashen Sallau, sai bakin shigifa da hanyar da ta miƙe zuwa turakarsa.

Ya zauna a nan har rana ta karkata. Sannan ya fito. Washegari da safe matan gidan suka ji ƙarar shara a bayan ɗakin, suka leƙa, suka ga maigida ne a sunkuye da tsintsiyar tsohuwa, bai ma iya riƙe ta ba. An ce bai fasa ba har ƙarshen ransa.

Da labari ya kai wa Malam Haladu, sai ya ce shi filin kaɗai ya iya gyara musu, shekarun da suka wuce kuwa ba alƙalin da zai mayar. Masu hankali suka riƙe darasi daga wannan shari'a, suna cewa: kafin ka gyara fasalin gida, tambayi abin da ke kwance a ƙasarsa, kuma wanda bai taɓa kiran sunanka ba, kada ka yanke masa hukunci sai ka ga inda yake shara.